Fasahar Kwantam da Yaran Gobir: Daga Ina Ma'aikatan Za Su Fito?

A ranar 7 ga Yuni, 2024, Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a ware shekarar 2025 domin kimiyya da fasahar kwantam. Ghana ce ta gabatar da ƙudurin, ƙasashe fiye da 70 suka mara mata baya. An zaɓi shekarar ne saboda ta cika ɗari cif da lokacin da wani saurayi Bajamushe, Werner Heisenberg, yana da shekara 23, ya tsara lissafin da ya zama harsashin wannan ilimi. Ƙasashen da suka yi nisa a fannin sun zuba dukiya ba kaɗan ba. Amurka ta kafa doka a 2018 ta ware kimanin dala biliyan 1.2, Tarayyar Turai ta sa Yuro biliyan 1 ita ma a 2018, Birtaniya ta yi alkawarin fam biliyan 2.5 a 2023, Indiya ma ta ware rupi biliyan 60. Amma dukansu kukansu ɗaya: kuɗi ya samu, na'ura ta samu, masu aikin ne suka yi ƙaranci. Wani rahoton kamfanin McKinsey na 2022 ya ƙiyasta cewa a kowane gurbin aiki uku da aka tallata a wannan fanni, mutum ɗaya ne kawai ake samu da ya cancanta.

Mutumin Gatawa ko Tsamaye ko Turba a gabashin Jihar Sakkwato, in ya ji an kawo wannan zance a kan ƙasarsa, yana da gaskiya in ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? A watan Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, da Isa da Sabon Birni a ciki, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. A Disambar 2021 aka ƙona fasinjoji a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 aka wayi gari da labarin rasuwar Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Ƙauyuka suna biyan harajin da ba gwamnati ce ta sa ba, dubban iyalai sun tsallaka iyaka sun koma Jihar Maraɗi, hanyar Marnona zuwa Isa ta zama abin da matafiyi ke yin addu'a kafin ya hau. Wanda yake wannan hali, zaman lafiya yake nema da abin sawa a baka.

Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Duk da haka ina ganin akwai haɗari a cikin yin shiru. An daɗe ana raba wa yankuna irin wannan rabonsu na magana: in an ambaci Isa, sai a yi zancen tsaro da tallafin abinci, in za a yi zancen injiniyoyi da masana, sai a juya fuska zuwa Legas da Abuja. Da haka ake yanke wa yara hukuncin abin da za su zama tun ba su iya rubuta sunansu ba. Ƙidayar 2006 ta ba Sabon Birni mutum sama da 200,000, Isa kuma kusan 150,000, kuma tun daga lokacin an haifi al'umma guda. Babu wani dalili na halitta da zai sa a ce yaran da Allah ya ba kaifin lissafi sun fi ƙaranci a bakin gulbin Rima a kan sauran wurare. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da za a gano su.

To, mene ne ma kwantam ɗin? Ilimi ne na yadda halittu mafiya ƙanƙanta ke tafiyar da al'amuransu: ƙwayar zarra, da ilektiron da ke cikinta, da ƙwayoyin haske. A 1900 Max Planck ya gano cewa makamashi ba ya kwarara yadda aka ga dama, yana fita ne daki-daki, gwargwado-gwargwado. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa shi kansa haske haka yake, kuma ƙwayarsa ɗaya tana iya tunkuɗo ilektiron daga jikin ƙarfe. Daga wannan fahimta aka ƙera taransisto a 1947, aka yi farantin sola na zamani a 1954, aka kunna hasken leza a 1960. Na'urar hoton cikin jiki ta MRI da agogon da taurarin GPS ke aiki da shi duk 'ya'yan wannan gida ne.

Ke nan kwantam ya riga ya iso Gobir tun tuni. Je ka rumfar mai cajin waya a ranar kasuwa. Ga farantin sola an jingine a kan rufin kwano, waya ta sauko zuwa batir, allon katako cike da soket, wayoyi kusan hamsin kowace da lambarta a ɗan tsinken takarda. A gefe ga mai gyara, ya buɗe bayan wata waya, ya ɗora bakin mita biyu a kan wani layi siriri, ya kalli allura, ya ce caji ne ba ya wucewa ta nan. Ya ɗauki ƙarfen dalma ya ɗiga ɗigo ɗaya a wurin da bai kai ƙwayar gero ba, wayar ta kawo haske. Wataƙila bai wuce aji uku na ƙaramar sakandare ba. Amma abin da ya yi yanzu, wato zargin wurin da matsala take, da aunawa, da gyarawa, da sake gwadawa, shi ne ainihin tarbiyyar ɗakin gwaje-gwaje. Hannu yana da shi, ido yana da shi. Lissafin da zai bayyana masa dalili ne ba a ba shi ba.

Abin da duniya ke rububi a kai yanzu shi ne zango na biyu, inda masana suka kai ga sarrafa ƙwayar zarra ɗaya ko ƙwayar haske ɗaya yadda suke so. Kwamfutar da muka saba da ita tana ƙirga da alama biyu, sifili da ɗaya. Kowane ɗan gurbi ko dai yana kunne ko yana kashe. Ta kwantam tana aiki da abin da ake kira kiyubit, wanda kafin a auna shi yakan kasance a wani yanayi da ya gauraya sifili da ɗaya, kowanne da nasa rabo. Kiyubit biyu kuma suna iya sarƙewa, ta yadda sakamakon awon ɗaya ke ɗaure da na ɗayan ko da akwai nisan ƙasashe a tsakani. Gwaje-gwajen da suka tabbatar da haka ne suka samo wa Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel a 2022. Gwanintar ita ce a tsara lissafi ta yadda amsoshin da ba daidai ba za su soke juna, amsar gaskiya ta yi rinjaye. Sai dai kiyubit abu ne mai saurin lalacewa. Ɗan zafi ko 'yar girgiza sun isa su watsa lissafin, shi ya sa IBM da Google suke ajiye nasu a cikin wani irin firji mai sanyin da ya kusa digiri 273 ƙasa da sifili, sanyin da ya fi na sararin samaniya.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, domin 'yan talla sun cika fannin. A 2019 Google ya ce na'urarsa mai kiyubit 53 ta gama a daƙiƙa 200 wani lissafi da zai ɗauki babbar kwamfuta shekara 10,000. IBM ya musa, ya ce kwana biyu da rabi sun isa. Lissafin kuma ba wanda zai amfani manomi ko likita ba ne. Har yau babu kwamfutar kwantam da ta warware wata babbar matsalar rayuwa da kwamfutar yau da kullum ta kasa. Alkawari ne mai tushe, amma alkawari ne.

Daga cikin alkawuran akwai wanda ya shafi manomin fadama kai tsaye. Tuge tushen wake ko gyaɗa da damina, ka karkaɗe ƙasar, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle manne da saiwa. Fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja ne. A nan wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke zaune, suna kama iskar naitirojin suna mayar da ita abincin shuka, a cikin zafin ƙasa na yau da kullum, ba wuta ba inji. Shi ya sa iyayenmu suke surka wake da gero, gona ta ƙara ƙarfi. Masana'antar takin zamani tana yin wannan aiki ne da zafin da ya haura digiri 400 da matsin iska mai tsanani, aikin da ke cinye kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya baki ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa buhun yuriya ke tsada. Sinadarin da ke cikin saiwar wake yana da wata cibiya ta ƙarfe wadda kwamfutocin yau suka kasa lissafa yadda take aiki dalla-dalla, kuma tana cikin matsalolin farko da masana ke fatan kwamfutar kwantam za ta buɗe. In an dace, wanda ya riga gano sirrin shi zai sayar wa sauran duniya.

Na biyu barazana ce. A 1994 wani masanin lissafi, Peter Shor, ya nuna cewa kwamfutar kwantam mai cikakken ƙarfi za ta iya fasa irin makullin sirrin da bankuna da gwamnatoci ke kulle bayanansu da shi. Ba a ƙera mai wannan ƙarfi ba tukuna, amma ba a zauna jira ba: a Agustan 2024 hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar da sababbin hanyoyin kulle bayanai guda uku da ake sa ran za su jure. Duk ƙasar da ke da banki sai ta canza makullanta. Kuɗin da ɗan cirani ke turo wa mahaifiyarsa ta hannun mai POS, da lambar BVN, da lambar NIN, duk suna rataye a kan wannan. Najeriya za ta buƙaci mutane masu yawa da za su yi wannan sauyi, ko ta horar da nata ko ta yi hayar na waje da dala.

Na uku su ne na'urorin awo, kuma su ne suka fi kusa da shiga kasuwa. A 2022 masana a Jami'ar Birmingham ta Ingila sun gano wani rami da ke binne mita ɗaya a ƙarƙashin ƙasa ta hanyar auna ɗan bambancin ƙarfin jan ƙasa da ƙwayoyin zarra masu sanyi. Wanda ya taɓa ganin an haƙa rijiyar burtsatse an tashi ba ruwa ya san darajar na'urar da za ta nuna abin da ke ƙasa kafin a sa kuɗi.

Yanzu mu zo kan ma'aikata, inda mutane da yawa ke kuskuren fahimta. An ɗauka wannan fanni na masu digirin digirgir ne kaɗai. Binciken da aka yi tsakanin kamfanonin fannin a Amurka ya nuna akasin haka: ayyuka da dama ba su buƙatar wannan mataki. A bayan kowane farfesa akwai mai kula da firjin nan, da mai haɗa wayoyin lantarki masu ɗaukar sigina, da mai walda da ba ta barin iska ta kurɗa, da mai daidaita madubin leza, da mai haɗa zaren gilashin intanet, da mai rubuta manhaja. Waɗannan ayyukan 'yan kwalejin fasaha ne da masu digirin farko. Irin mutanen da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi ta Sakkwato da ta tarayya da ke Ƙauran Namoda ya kamata su riƙa yayewa ke nan, in an gyara musu ɗakunan koyon aiki. Raina difloma da muke yi a ƙasar nan yana cutar da mu a daidai inda buƙata ta fi yawa.

A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ke gaba. Jami'ar Wits ta Johannesburg ta shiga ƙawancen kwantam na IBM a 2019, ita ce ta farko a Afirka. A 2024 masanan Jami'ar Stellenbosch da takwarorinsu na Sin suka yi musayar makullin sirri ta tauraron ɗan'adam a tazarar kilomita 12,900, kuma mace ce, Dakta Yaseera Ismail, ta jagoranci gwajin a ɓangaren Afirka. Cibiyar lissafi ta AIMS, wadda Neil Turok ya kafa a 2003, tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar ɗaliban Afirka kyauta. Mu ma Arewa ba hannu rabbana muke ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan tun 1975, da cibiyar binciken makamashi da aka kafa a cikinta a 1982. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana sarrafa ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, kuma 'yan ƙasa ne ke tafiyar da ita, shaidar cewa muna iya riƙe na'ura mai buƙatar tsantseni. Wani abin farin ciki kuma, ba sai an sayi kwamfutar kwantam ba kafin a koye ta. Tun 2016 IBM ya buɗe wasu nasa ga jama'a ta intanet; ɗalibi a Sakkwato mai kwamfutar cinya da data yana iya rubuta umarni da manhajar Qiskit, na'ura a wata nahiya ta aiwatar. Abin da ya rage wa sassan fiziks da lissafi da kwamfuta na jami'o'inmu shi ne su haɗa kai su fitar da kwas ɗaya mai kyau.

Sai dai duk wannan saman bishiya ne. Manomin albasa ya san ba ranar girbi ake fara aiki ba: sai an gyara ɗan fili an yi renon iri, a tsare shi daga rana da dabbobi makonni, sannan a cire a dasa, a yi ta ban ruwa. In reno ya lalace, duk takin da za a zuba daga baya asara ne. Yaron da ya shiga aji ɗaya bana, in bai yi asarar ko shekara ɗaya ba, sai bayan shekara 16 zai gama digirin farko. Yaron Gobir kuwa a ina ne ba ya asara? Makarantar ƙauye ta watse saboda an tashi garin. Ta cikin gari ta zama masaukin 'yan gudun hijira. Malamin da aka turo daga Sakkwato ya nemi canjin wuri, kuma wa zai ga laifinsa? Wanda ya daure ya kai babbar sakandare, sau da yawa yana haddace yadda ake gwaji ne daga allo, bai taɓa riƙe batir da waya ya haɗa da hannunsa ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 sun sa Sakkwato a sahun farko wajen talauci mai fuskoki da yawa, mutum tara cikin kowane goma. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun 2015, amma gabashin jihar ya shiga wuta bayan nan. Ko shirin tarayya na 3MTT, wanda aka ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa miliyan uku a fasahar zamani, yana tsammanin mai nema yana da waya mai kyau da intanet da Turanci. Wannan sharaɗi kaɗai ya tankaɗe yawancin yaran Gebe da Kurawa tun kafin a fara.

A Turai da Amurka, in an ce a faɗaɗa ƙofa ga kowa, ana nufin mata da baƙaƙe da 'ya'yan talakawa. Namu ya haɗa da waɗannan ya ƙara da wasu: ɗan ƙauye, da ɗan gudun hijira, da almajiri, da ɗan makiyayi. Kuma ba don tausayi kaɗai ake neman su ba. Tarihin wannan ilimi ya nuna baiwa ba ta zaɓen birni. A 1924 wani malami a Jami'ar Dhaka, Satyendra Nath Bose, ya aika wa Einstein wata gajeriyar maƙala. Einstein ya fassara ta da kansa zuwa Jamusanci ya sa aka buga, kuma har yau rukuni guda na ƙwayoyin da wannan ilimi ke nazari da sunan Bose ake kiransu. Abdus Salam ya tashi a ƙaramin garin Jhang na Pakistan, tallafin karatu ya kai shi Cambridge a 1946, ya ci Nobel a 1979. Kaɗaicin da ya ɗanɗana lokacin da ya koma gida ya rasa abokin tattaunawa shi ya sa ya kafa cibiyar Trieste a Italiya a 1964, domin masanan ƙasashe matalauta su riƙa zuwa suna komawa. A gida ma muna da Jelani Aliyu, wanda tallafin gwamnatin Sakkwato ya kai shi Detroit, ya zana motar Chevrolet Volt. A kowane labari akwai wani da ya lura da yaro, da wata hukuma da ta biya.

Maganar mata ta fi kowace ci mini rai. A duniya baki ɗaya kusan kashi ɗaya cikin uku ne na masu bincike mata, a fiziks kuwa abin ya fi muni: daga 1901 zuwa 2023 mata biyar kacal suka karɓi Nobel a fannin. A wurinmu yarinya takan fita daga layi tun ƙaramar sakandare, yanzu kuma tsoron sacewa ya ba iyaye hujjar da ba a iya musawa. Uban da ya hana 'yarsa tafiyar kilomita biyar a daji ba maƙiyin ilimi ba ne. Amma ƙasar nan ta san yadda ake kai karatu inda mata suke. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta horar da mata malamai da ake kira jaji, ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru a cikin gidaje. A zamaninmu ga Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, wadda ta shiga jami'a bayan ta yi aure ta haihu, ta zama farfesar fiziks, ta karɓi lambar yabo ta duniya a 2015. Darasin da ke cikin rayuwarta na tsari ne: kada ƙofa ta rufe wa mace don ta yi aure. A buɗe ajin ci gaba na matan aure a Isa da Sabon Birni, a ba 'yan matan yankin da suka gama sakandare gurbi a kwalejin ilimi da sharaɗin su dawo su koyar da lissafi.

Haka almajiri. Yaron da ya haddace izu sittin ya nuna juriya da ƙarfin ƙwaƙwalwa da ba kowane ɗan boko ke da su ba. Malaman zaure kuma sun daɗe da lissafin gado da na taurari. Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan murabba'an lissafi wanda masu tarihin lissafi ke ambata har yau. Shi kansa Shehu Usmanu a Maratta ta ƙasar Gobir aka haife shi a 1754, kufan Alƙalawa kuma yana nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Ba na kawo wannan don alfahari ba. Alfahari bai taɓa koya wa yaro ko ninkin biyu ba. Na kawo shi ne domin masu cewa karatu mai zurfi baƙo ne a wannan ƙasa su sake duba tarihi.

In aka tambaye ni abu ɗaya da za a yi, zan nuna Kano. A 1977 gwamnatin Kano ta buɗe makarantun kimiyya na kwana a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Ana yi wa yara jarrabawa daga ko'ina a jihar, a zaɓi masu hazaƙa, a tara su wuri ɗaya da malamai nagari da ɗakunan gwaji, daga baya aka buɗe na 'yan mata. Likitoci da injiniyoyi masu yawa na Kano da Jigawa daga can suka fito, da yawansu 'ya'yan manoma. Sakkwato tana da makarantun kimiyya irin ta Farfaru, amma gabashin jihar na buƙatar kulawa ta musamman. A halin da ake ciki, tara yara a makarantar kwana a bakin daji ganganci ne. Sace ɗaliban Ƙanƙara da Jangebe ya koya mana. Mafita ita ce a ware wa kowace mazaɓa ta Isa da Sabon Birni gurabe tabbatattu, maza da mata daidai, a makarantar kimiyya mai tsaro a cikin birnin Sakkwato, gwamnati ta ɗauki ci da sha da sufuri. Masu zaɓen su shiga har sansanonin 'yan gudun hijira, har na tsallaken iyaka. Jarrabawar kuma ta auna tunani da lissafi, a yi wa yaro bayanin tambaya da Hausa in ya buƙata, kada raunin Turanci ya binne wanda ya fi kowa kai.

Wannan ba zai maye gurbin gyaran firamare ba. Malamin lissafi da ya yarda ya zauna a Gatawa ko Bafarawa ya cancanci alawus na musamman da gida, a kan lokaci. Kayan gwajin farko ba su da tsada: batir, ƙwan tocila, maganaɗisu, madubi, ɗan farantin sola. Maraɗi kuma ta fi Abuja kusa, tana da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni dangi ne. Musayar malamai da ɗalibai tsakaninta da jami'o'in Sakkwato abu ne da bai kamata rikicin siyasa ya hana ba.

Wani zai ce, in mun horar da su ai guduwa za su yi. Wasu za su tafi, babu shakka, kamar yadda likitocinmu ke tafiya. Amma makarantar da aka gina da burin fitar da masanin kwantam ɗaya za ta fitar da malaman jinya da masu haɗa sola da malaman makaranta da injiniyoyin ruwa ɗari kafin ta kai gare shi, kuma yawancin waɗannan a gida za su zauna. Saurayin da ke da sana'a a hannu ya fi wuyar ja zuwa daji. Ba na cewa aji zai maye gurbin soja; sai an tsare hanya kafin malami ya bi ta. Cewa nake kada a jira ranar da za a ce an gama da 'yan bindiga sannan a tuna da yara, domin wanda yake shekara bakwai lokacin da aka katse layukan waya a 2021 ya riga ya kai shekarun shiga sakandare.

Kirana ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Sakkwato shi ne ta ƙirga malaman lissafi da fiziks da ke zuwa aji da gaske a Isa da Sabon Birni, da makarantun da ke buɗe da waɗanda suka watse, ta buga adadin kowa ya gani kafin kasafin kuɗi mai zuwa. 'Yan majalisar da ke wakiltar yankin su sa guraben makarantar kimiyya a cikin ayyukan mazaɓunsu. Masu hali daga cikin 'ya'yan Gobir da ke Sakkwato da Kano da Abuja, kowa ya ɗauki nauyin yaro ɗaya da yarinya ɗaya har su gama. Ku kuma malaman firamare da alarammomi, ku ne kuka san yaron da ke riga kowa ba da amsa. Ku rubuta sunansa, ku kai wa hakimi da sakataren ilimi, ku kuma koma ku tambaya me aka yi.